Tamfol Ko Kwano: Wace Ma'ajiya Ta Dace Da Fataken Hatsi Na Giade?

Daga watan Satumba, lokacin da ake shiga yankan gero a ƙasar Katagum, har zuwa ƙarshen Disamba da ake kammala roron wake da sussukar dawa, tambaya guda ce take yawo a zaukan fatake da manyan manoma: ina za a zuba wannan amfani har ya yi daraja? A ƙaramar hukumar Giade, inda noman gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi ya zama babbar sana'ar jama'a, kuma kasuwar garin take tara masu sayen hatsi daga Azare da sauran wurare, wannan tambaya ta shafi jarin mutane kai tsaye. Wanda ya sayi buhu ɗari uku a kaka, ya rasa inda zai ajiye su cikin aminci, tilas ya sayar a kan farashin da dillali ya yanka masa, ko kuwa ya bar su ga ɗanshi da ƙwari.

A 'yan shekarun nan zaɓin ya koma tsakanin abubuwa biyu. Na farko shi ne ma'ajiyar tamfol, wato ko dai a jera buhuna a fili a lulluɓe su, ko kuma a kafa babban tanti mai ƙashin ƙarfe irin wanda jama'a suka saba gani a sansanonin agaji na Borno da Yobe. Na biyu shi ne rumfar kwano mai dirkoki, wadda ake kafa ginshiƙanta a ƙasa, a ɗora rufi, daga bisani a zagaye ta da bulo ko da kwano gwargwadon ƙarfin mai ita. Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, ga matsakaicin falke ko manomi na Giade wanda yake da filin kansa, rumfar kwano ta fi dacewa nesa ba kusa ba, kuma tamfol ya tsaya a matsayin kayan aiki na ɗan lokaci. Sai dai dalilan da suka sa muka ce haka suna bukatar bayani, domin masu goyon bayan tamfol suna da hujja mai ƙarfi, kuma hujjar tasu daga tarihinmu ta fito.

Ai ba yau aka fara ajiyar amfanin gona a ƙarƙashin tamfol a ƙasar Hausa ba. Bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa har ya zamana babu ginin da zai iya ɗaukar abin da ake saye. Daga nan ne dalar gyaɗa ta samo asali, wadda ake danganta shahararta da Alhaji Alhassan Ɗantata, kuma ana ƙiyasta cewa dala guda takan ɗauki buhu kusan 15,000. Idan damina ta gabato, da tamfol ake lulluɓe ta. Saboda haka wanda ya ce kakanninmu sun ajiye dukiya mai ɗimbin yawa ba tare da bango ko kwano ba, gaskiya ya faɗa.

Abin da aka fi mantawa shi ne yanayin da ya sa wannan tsari ya yi aiki. Dalar gyaɗa wurin jiran jirgin ƙasa ce, kuma akasarin zamanta a cikin rani ne, lokacin da iskar hunturu take busar da kome. Tana da masu gadi dare da rana, tana da ma'aikata masu duba ta, kuma manyan kamfanoni da hukumar ciniki ne suke ɗaukar asarar da ta auku. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen ƙasa suka kasa kwashe gyaɗar a kan kari, sai dala ta riƙa shekara a tsaye, kuma a lokacin ne ƙwaron nan da masana suke kira kapra ya addabi gyaɗar Kano. Irin waɗannan matsaloli na kayan da ake fitarwa ƙasashen waje su ne suka sa a 1948 aka kafa sashen binciken adana amfanin gona na Afirka ta Yamma, wanda daga baya ya zama cibiyar nan ta NSPRI mai hedkwata a Ilorin da reshe a Kano. Wato ke nan tun a wancan zamani an gane cewa tamfol yana kare ruwan sama, amma ba ya kare ƙwaro, kuma duk lokacin da ajiya ta tsawaita, rauninsa yana ƙara bayyana.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa kalmar tamfol a yau tana ɗauke da abubuwa mabambanta, kuma cakuɗa su yana jawo asara. Akwai tamfol na leda mai araha da ake sayarwa a kowace kasuwa, wanda zafin ranar Maris da Afrilu yake cinye shi cikin shekara ɗaya ko biyu, ya riƙa tsagewa da kansa. Akwai kuma babban tanti na masana'anta, wanda aka yi rufinsa da zare mai ƙarfi aka shafe da roba, wanda yakan yi shekara goma ko fiye idan ana kula da shi. Irinsa ne Hukumar Abinci ta Duniya take kafawa a wuraren da ake bukatar ma'ajiya cikin gaggawa. Wanda aka fi sani yana da faɗin mita 10 da tsawon mita 24 ko 32, yana ɗaukar tan 300 zuwa 500 na abinci, kuma ƙwararrun ma'aikata suna iya tayar da shi cikin 'yan kwanaki. Babu ginshiƙi a tsakiyarsa, haske yana ratsa rufinsa, kuma idan aiki ya ƙare ana kwance shi a loda a mota. Babu shakka abin sha'awa ne.

To, amma a yi lissafi. Tan 400 daidai yake da buhu 4,000 mai nauyin kilo ɗari, wato lodin tirela fiye da goma sha uku. Fatake nawa ne a Giade da Isawa da Zabi suke ajiye wannan adadi a wuri guda? Mafi yawan waɗanda muke magana a kansu suna tsakanin buhu ɗari da buhu ɗari biyar ne. Mai buhu 300, wato tan 30, ɗaki mai faɗin mita 5 da tsawon mita 10 ya ishe shi, har da barin ratar mita guda tsakanin buhuna da bango ta kowane gefe. Sayen tanti mai girman mita murabba'i 240 saboda irin wannan kaya ɓarnar jari ce, kuma ƙananan irinsa ba su da wannan sauƙin farashi da ake yi wa manyan kirari da shi.

Sa'an nan ga batun canjin kuɗi. Rufin irin wannan tanti da mahaɗan ƙarfensa akasari daga ƙasashen waje suke zuwa, da dala ake biyan su. Kafin watan Yuni na 2023 dala guda tana kan Naira 460 da ɗoriya a farashin gwamnati, amma zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Duk wanda zai sake rufin tantinsa bayan shekara goma, bai san a kan wane farashi zai saya ba. Gaskiya ne kwano da siminti da ƙarfe su ma sun yi tsada a wannan tsakani, amma ana samun su a Azare, ana sayen su bandir-bandir da buhu-buhu gwargwadon abin da aljihu ya ɗauka, kuma idan iska ta ɗage falle biyu, kafinta na unguwa zai mayar da su kafin la'asar. Tantin da ya yage kuwa yana bukatar na'urar liƙi da mai sanin aikinta, abin da sai an nemo daga Kano ko ma fiye da nan.

Daɗin daɗawa akwai maganar da ba a cika son faɗinta a fili ba, ita ce sata. Bangon tamfol reza guda ta ishe shi. Hukumomin agaji suna kafa tantunansu ne a cikin shinge, da fitilu da masu gadi, kuma kuɗin wannan tsaro yana cikin kasafinsu. Falken da ya kafa nasa a bayan gari, dole ya ƙara kuɗin shinge da na gadi a kan farashin tantin, sa'an nan ya kwatanta. Ɓera da gafiya ma ba su ɗauki tamfol a bakin kome ba.

Ita kuwa rumfa mai dirkoki ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Amurka manoma sun rungume ta ne a shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki, suna amfani da tsofaffin turakun wayar tarho saboda ba su da halin haƙa harsashin gini. Mu kuwa tun fil azal da dirka da azara muke yin rumfar kasuwa da ta ƙofar gida. Fa'idarta ga ɗan kasuwa ita ce ana gina ta daki-daki. Bana a kafa dirkoki a yi rufi da daɓe, baɗi a tayar da bango, shekara ta uku a ƙara tsawo da ɗaki guda. Ba sai an ci bashi mai nauyi a lokaci ɗaya ba. Idan kuma hatsi ya fita a watan Yuni, wurin ba zai zauna haka nan ba: a zuba takin zamani, a ajiye injin sussuka ko garma, ko a ba wani haya.

Kada a ɗauka ba ta da aibi. Babban maƙiyinta gara ce. Dirkar katako da aka binne a ƙasa ba tare da magani ba, gara tana iya cinye gindinta cikin 'yan shekaru, mai ita bai sani ba sai ranar da ta faɗi. Azara ta giginya tana da juriya, amma ta yi wuya ta yi tsada, kuma sare giginya a yankin da hamada take matsowa ba abin ƙarfafawa ba ne. Shi ya sa bututun ƙarfe da aka dasa a cikin kankare ya fi, a kuma ɗaga kankaren ya ɗara ƙasa don kada tsatsa ta ci gindin. Maƙiyi na biyu shi ne guguwar farkon damina, wadda kowace shekara take kwashe rufin makarantu da gidaje a arewacin Jihar Bauchi. Rumfa mai buɗaɗɗen gefe, iska tana shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta sama. Maganin wannan ba ya da tsada: a ɗaure katakon rufi da dirka da ƙarfe ko waya mai kauri maimakon dogaro ga ƙusa kaɗai, a fuskantar da gajeren gefen ginin ga gabas inda hadari ya fi tasowa, kuma a guje wa kwano marar kauri, wanda arharsa ta ranar saye ce kawai. Na uku shi ne zafi. Kwano a watan Afrilu tanderu ne, saboda haka a ɗaga rufin, a bar tagogin iska a sama a rufe su da raga, kuma kada buhuna su kai kusa da kwanon.

Duk da haka, abin da ya fi rufi muhimmanci shi ne ƙasan da aka aza ma'ajiyar a kai. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙasar Katagum, ta kuma rusa gidaje ta shafe gonaki a Giade da Shira da maƙwabtansu. Ruwan da ya zo ta ƙasa bai damu da ko tamfol ne a sama ko kwano ba. Wanda zai kashe kuɗinsa, ya fara da neman tudu, ya tambayi dattawan wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa, ya cike daɓen ya ɗara ƙasar waje da aƙalla rabin mita, ya shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba siminti, ya haƙa magudana a kewaye. Bayan haka buhu bai kamata ya taɓa daɓe ba, sai a kan katako. Idan kuɗi ba su kai a yi rufi mai kyau da daɓe mai kyau a shekara guda ba, gara a fara da daɓen, a lulluɓe da tamfol na wannan rani, a yi rufi kafin ruwa ya sauka. A nan ne ma tamfol yake da amfani na gaske.

Amma ko a nan sai da hattara. A lokacin hunturu rana tana da zafi, dare yana da sanyi ƙwarai. Hatsin da aka lulluɓe da tamfol ya manne masa yakan yi gumi da rana, da dare gumin ya taru a jikin tamfol ya ɗiga a kan buhunan sama, kafin a ankara sun yi funfuna. A gyaɗa da masara wannan funfuna tana haifar da gubar afalatoksin, wadda take cutar da hanta, kuma manyan masu saye suna gwada ta kafin su biya. Saboda haka a bar rata tsakanin tamfol da buhu, a riƙa yaye shi da rana idan gari ya yi wasai. Tun farko ma kada a ɗura abin da bai bushe ba: ɗanshin masara da dawa kada ya wuce kashi 13 cikin ɗari, na ɓararriyar gyaɗa kuwa kashi 7 zuwa 8. Gwajin haƙori da kakanninmu suke yi yana da amfani, amma ƙaramar na'urar auna ɗanshi ba ta kai kuɗin buhun wake biyu ba.

Game da ƙwaro kuwa, babu rufin da yake kashe shi. Ƙwaron wake tun daga gona yake shigowa a cikin ƙwayar, kuma cikin 'yan watanni yana iya mayar da buhu gari. Hanyar da wasu suka bi, ta zuba maganin feshi kai tsaye a cikin abinci, ta riga ta jawo wa ƙasar nan abin kunya, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin diklobos da aka samu a cikinsa. Alhali kuwa akwai mafita. Buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwaron ya shaƙe ya mutu ba tare da magani ba. A Kano ake yin sa, kuma yana yin shekara biyu ko uku idan bai huje ba. Abin lura shi ne, wannan buhu yana bukatar inuwa da kariya daga ɓera, abin da ɗaki mai bango da ƙofa ya fi bayarwa. Wannan ma wata hujja ce ga rumfar kwano da aka zagaye. Wanda kuma zai yi amfani da ƙwayar hayaƙi, ya sani cewa sai an rufe kayan ruf na tsawon mako guda, nesa da ɗakin kwana, kuma aikin wanda aka horar ne.

Akwai wani dalili na kasuwanci da ya sa muke jan kunne game da zuba babban jari a lokaci ɗaya. An daɗe ana ɗauka cewa wanda ya saya a kaka ya ajiye zuwa damina ba ya faɗuwa. Shekarar 2025 ta rushe wannan zato. Bayan tsadar da aka sha a 2024, da kuma dakatar da harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 da Gwamnatin Tarayya ta sanar a watan Yuli na 2024, farashin hatsi ya yi ta sauka a 2025, kuma da yawa daga waɗanda suka ajiye sun sayar ƙasa da yadda suka saya. A wancan lokaci Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27 da rabi cikin ɗari tun daga Nuwamba 2024. A ƙaddara mutum ya ci bashi a kan kashi 30 a shekara: ajiyar wata shida ta riga ta cinye kashi 15 na jarinsa, ban da kuɗin buhu da dako da gadi da raguwar nauyi. Sai farashi ya tashi da kusan kashi ɗaya cikin biyar kafin ya mayar da kuɗinsa. Wanda ya ƙara bashin tanti na ƙasar waje a kan wannan nauyi, shekara guda marar kyau ta isa ta durƙusar da shi.

Har ila yau, tsayayyen gini yana buɗe wata ƙofa. Kamfanonin da suke karɓar ajiya su ba da takardar shaida, irin su AFEX, da bankunan da suke karɓar amfanin gona a matsayin jingina tun bayan dokar jinginar da kadarori masu motsi ta 2017, suna duba ma'ajiyar da ake iya kullewa, a ƙirga abin da yake ciki, a yi mata inshora. Tarin buhuna a fili ba ya cika waɗannan sharuɗɗa. Kuma ma'ajiya mai littafin shige da fice kariya ce ga mai ita. Ba a manta da yadda hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a Dawanau a watan Fabrairu na 2024 bisa zargin ɓoye abinci ba. A duk lokacin da tsada ta tashi, jama'a ba sa bambance mai ajiya da mai ɓoyo, sai wanda yake da takarda a hannu.

Ba mu ce babban tanti ba shi da gurbi ba. Kamfanin da ya zo sayen riɗi na wata uku a filin haya, wanda baɗi watakila a Gamawa ko Misau zai kafa sikelinsa, tanti ne ya dace da shi, domin ba zai gina a filin da ba nasa ba. Haka nan ƙungiyar manoma da ta samu kwangilar tara tan ɗari uku ko huɗu ga wata masana'anta. Harawa da karmami da damman dawa da ba a sussuke ba su ma inuwa da iska kawai suke bukata, buɗaɗɗiyar rumfa ko tamfol ya wadatar. Shi kuwa ƙaramin manomi da yake ajiye gero a zangarniyarsa don cin gida, rumbunsa na gargajiya da aka ɗora a kan duwatsu har yanzu yana yin aikinsa, ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin biyun nan.

Abin da ya rage yana hannun hukuma, kuma ba mai yawan kuɗi ba ne. Majalisar ƙaramar hukumar Giade tana iya keɓe fili a kan tudu kusa da kasuwa, ta yanka shi filoti-filoti ta ba fatake da takarda, ta yadda gadi guda da shinge guda za su wadaci kowa. Hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Bauchi kuwa tana iya neman zanen ma'ajiya mai ɗaukar tan 30 da tan 50 daga reshen NSPRI na Kano, ta tara kafintoci da masu walda da magina na Giade da Azare, ta koya musu yadda ake ɗaure rufi da ɗaga daɓe. Lokacin da ya dace da wannan aiki shi ne tsakanin Janairu da Maris, kafin hadari ya fara haɗuwa.